Diga, dogo ko layin dogo: wanne ne sunan hanyar jirgin ƙasa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Kakana in zai aike ni kasuwar da ke gefen hanyar jirgi sai ya ce in bi ta kan diga, ya fi kusa. A rediyo kuwa kullum layin dogo nake ji, wasu jaridu kuma su rubuta titin jirgin ƙasa. Ni dai digar da na sani ita ce wadda ake haƙa da ita. Shin wanne ne daidai, kuma me ya haɗa abin haƙa da hanyar jirgi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa mai tambaya. Allah ya ƙara wa tsoho lafiya. Abu biyu ka haɗa: kana so ka san ko kakanka ne ya kauce ko 'yan rediyo, sannan kana neman dalilin da ya sa kalma ɗaya ta zama sunan kayan aiki kuma sunan hanya. Babu wanda ya kauce a cikinsu. Diga Hausa ce, dogo Hausa ce, layin dogo da titin jirgi ma haka. Sai dai tun asali ba abu ɗaya kowace take nunawa ba, kuma wanda ya san abin da kowace ta fara nunawa ba zai riƙa ruɗewa wajen zaɓe ba.

Yadda diga ta tashi daga hannun lebura ta koma sunan hanya

Digar da ka sani ita ce ta farko. Kalmar aro ce daga Turanci, daga "digger", wato mai haƙa ko abin haƙa. Bahaushe yana da kayan haƙansa tun da, fartanya da galma da dagi da sungumi, amma wannan ƙarfe mai baki biyu da ƙota a tsakiya, wanda ake fasa ƙasa mai tauri da marmara da shi, ya yaɗu ne da ayyukan Turawa. Aiki mafi girma da aka fara yi da shi a ƙasar Hausa kuwa shi ne aikin hanyar jirgi.

A 1907 aka fara shimfiɗa hanya daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara a ƙasar Nufe, zuwa Kano. Wanda ke riƙe da mulkin Arewa a lokacin, Percy Girouard, injiniyan hanyar jirgi ne tun kafin a turo shi. An zaɓi Baro ne domin jiragen ruwa suna iya hawowa da ƙarafa har can idan kogi ya cika. Tsawon hanyar mil 356 ne, wajen kilomita 570, ta bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ta isa Kano a 1911. Babu katafila a wannan aiki, babu motar kwasar ƙasa. Duk tudun da aka sare da duk kwarin da aka cike, mutane ne suka yi da diga da shebur da kwanon ɗaukar ƙasa a ka.

Mutanen nan kuma yawancinsu ba su suka kai kansu ba. Bature ya ɗora wa sarki adadi, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya bi gida-gida. A kwashi magidanta da samari su bar gona da iyali su yi makonni a daji, a biya su ɗan abin da aka biya, wani rukuni ya zo ya canje su. Ƙasar Nufe da ƙasar Zazzau da ta Gwari sun ɗanɗana wannan sosai. Daga nan ne "diga" ta zama sunan aikin kansa. In aka ce "an tafi da wane diga", ba a nufin an ba shi abin haƙa, ana nufin an kwashe shi aikin tilas na hanyar jirgi. Da aiki ya ƙare, abin da ya rage a idon mutane shi ne wannan miƙaƙƙen tudun ƙasa da aka tara, ƙarafa a bisansa, ya ratsa gonaki da dazuzzuka. Sai sunan ya zauna a kansa. Kayan aiki ya ba aiki suna, aiki ya ba abin da aka gina suna.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Hausa. Kwalta baƙin abu ce mai danƙo da ake zubawa a hanya, amma yau in ka ce "gidanmu yana bakin kwalta" ko "mun hau kwalta", kowa ya san hanyar mota kake nufi. Waya zaren ƙarfe ce, ga shi ta zama sunan abin da ke aljihunka wanda ko zare ɗaya babu a jikinsa. Haka diga ta yi. Ina ganin ya kamata a riƙe wannan kalma da kyau a rubutu, domin ita kaɗai ce cikin sunayen hanyar jirgi take ɗauke da labarin waɗanda suka yi gumin gina ta. Kakanka da ya ce "kan diga" ya gaji maganar ne daga bakin mutanen da iyayensu suka ga aikin da idonsu.

Diga mace ce a nahawu, saboda haka "digar jirgi" ake cewa, "digar nan ta lalace". Jam'inta, digogi, ya fi dacewa da kayan haƙa. Ba kasafai za ka ji an yi jam'inta in hanya ake nufi ba.

Dogo

Ita kuwa dogo ba aro ba ce. Sifa ce da muka sani, dogo, doguwa, dogaye, aka ɗauke ta aka mai da ita suna, kamar yadda ake yi wa mutum mai tsawo laƙabi da Dogo. Abin da aka raɗa wa sunan shi ne ƙarfen da ƙafar jirgi ke takawa. Balarabe ya dubi abin ya ce hanyar ƙarfe, Bafaranshe ma haka ya ce, Bahaushe kuwa tsawon ne ya ɗauki hankalinsa: ƙarfe biyu a jere, ka tsaya ka hanga ba ka ganin ƙarshensu.

Daga nan aka samu "layin dogo", kuma a nan ne masu koyon rubutu suke yawan tuntuɓe. "Layin dogo" daban, "dogon layi" daban. Dogon layi shi ne wanda ake yi a gidan mai ko a banki, dogo a nan sifa ce tana bayyana layi. A layin dogo kuwa dogo suna ne, ma'ana layin da aka yi da dogo. Saboda suna ne ba sifa ba, ba ya canza jinsi don ya bi abin da ke gabansa. Ana cewa "hanyar dogo", in ka ce "doguwar hanya" ka koma maganar tafiya mai nisa.

A bakin mutanen garuruwan da jirgi ya ratsa, sau da yawa ma ba a kawo "layi", dogo kaɗai ta wadatar. Za ka ji "yana zaune a tsallaken dogo", "ka bi bayan dogo", "yara suna wasa a kan dogo". Kasuwar kayan abinci ta Bakin Dogo a Kaduna daga nan ta samo sunanta. Wannan ya nuna yadda hanyar jirgi ta zama abin kwatance a gari, kamar ganuwa ko rafi, domin takan raba unguwa biyu, a san na wannan gefe da na wancan.

Sauran sunayen ba su da wuya. "Hanyar jirgin ƙasa" ita ce mafi faɗi, kowa zai gane ta ko bai taɓa ganin jirgi ba. "Titin jirgi" kwatance ne da titin mota, ana ji ana kuma rubutawa, babu laifi a ciki. Ita ma "jirgi" ai ta ruwa ce tun farko, da sababbin abubuwan hawa suka zo aka raba su da inda suke bi, na ruwa, na ƙasa, na sama. Sai "reluwe", wadda aro ce daga "railway". Ita ta fi karkata ga ma'aikatar da mutanenta da dukiyarta: ma'aikacin reluwe, gidajen reluwe, filin reluwe. A 1912 aka haɗe hanyar Legas da ta Baro zuwa Kano ƙarƙashin ma'aikata ɗaya, a 1955 aka mai da ita hukuma mai cin gashin kanta. Mutum yakan ce "babana ya yi aikin reluwe", amma in jirgi ya take akuya ba a cewa a kan reluwe ya take ta, sai a kan dogo ko a kan diga.

Abin da ke ƙarƙashin jirgi, daki-daki

Bambancin kalmomin ya fi fitowa in ka san sassan hanyar. Daga ƙasa ake farawa. Akwai tudun da aka tara aka daddaɓe, da magudanan ruwa a gefe da kwalbatoci a ƙarƙashi. Jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsini kamar mota, domin ƙarfe ne a kan ƙarfe, santsi ya yi yawa, shi ya sa dole a sare tudu a cike kwari har hanya ta kusa zama bai ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da digar leburori ta gina.

A kan tudun ake zuba tsakuwa, kuma ba kowace iri ba. Fasasshen dutse ake so mai kaifin gefe, wanda zai cije juna. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta yi, zamewa take. Aikinta uku: ta raba nauyin jirgi a kan ƙasa, ta bar ruwan sama ya tsiyaye, ta riƙe abin da ke kanta kada ya motsa. In ƙasa da shara suka cike tsakanin duwatsun, ruwa ya daina wucewa, wurin ya yi laushi, duk jirgin da ya wuce sai ya ƙara danna shi, har hanya ta lotsa.

Cikin tsakuwar ake kwantar da silifa, wato ginshiƙan da ake jerawa a gicciye. Akwai na katako, na ƙarfe, da na kankare. A tsofaffin hanyoyinmu an yi amfani da na ƙarfe da yawa saboda gara, sababbin kuwa na kankare ne. Tazarar da ke tsakanin silifa da silifa takan kai santimita 60 zuwa 70, wato kimanin guda 1,400 zuwa 1,700 a kowace kilomita.

Sai dogo a bisa silifa, an ɗaure shi da maƙalai ko kusoshi. Ana auna shi da nauyin mita ɗaya: tsofaffi kilo 30 zuwa 40, na zamani 50 zuwa 60. Sanda ɗaya mai mita 12 ta tsohon dogo tana iya kusantar rabin tan. Inda sanda ta haɗu da sanda ana sa faranti biyu na ƙarfe, ɗaya ciki ɗaya waje, a ɗaure da noti, a bar ɗan giɓi a tsakani. Giɓin nan da gangan ne. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi: sanda mai mita 12, in zafinta ya ƙaru da digiri 30, takan ƙara tsawon milimita 4 da ɗan kai. Ka ga kaɗan ne, amma ka tara na ɗaruruwan sanduna a ranar bazara. In babu inda za su miƙe sai dogo ya lanƙwashe ya yi gefe. Wannan giɓi ne ke ba da ƙarar "ƙaƙas-ƙaƙas" da ake ji a tsohon jirgi. A sababbin hanyoyi walda ake yi wa sandunan, a ɗaure su tamau a kan silifar kankare mai nauyi, shi ya sa tafiyar ta fi shiru.

Jirgi ba shi da sitiyari. Kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki wanda ke hana ta zamewa daga kan dogo, hanya ce ke juya jirgi, ba direba ba. A tasha ko mararraba akwai wurin da ake matsar da wani siririn ƙarfe hagu ko dama, shi ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan. Saboda haka duk rayuwar jirgi ta rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin dogo biyu. In aka kwance maƙalai da noti aka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, ko silifa ta ruɓe, nauyin jirgi sai ya buɗa dogayen, ƙafa ta faɗa tsakiya. In ruwan damina ya cinye tudun ta ƙasa, dogo yana nan a ido lafiya lau amma a iska yake rataye.

Tazarar nan iri biyu ce a Najeriya yanzu. Tsohuwar hanya, wadda ta tashi daga Legas zuwa Kano, ta ƙarasa Nguru a 1930, da reshen Zariya zuwa Ƙaurar Namoda na 1929, da na Maiduguri da aka gama a 1964, duk ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Sabuwa, irin ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ce. Bambancin milimita 368 ne, kuma ya isa ya hana jirgin wannan hawa waccan. An ma taɓa yin ta uku, ƙaramar hanya daga Zariya zuwa Jos mai ƙafa 2 da inci 6, wadda aka yi don kuza aka rufe a 1957. Na kawo wannan ne saboda wani kuskure da ake yi a fassara: a rubuta "siririn dogo" ko "dogo mai faɗi". Ba ƙarfen ake aunawa ba, tsakaninsu ake aunawa. "Layi mai ƙaramar tazara" da "layi mai babbar tazara" sun fi faɗin gaskiya, in kuwa ba a buƙatar lissafi, "tsohon layi" da "sabon layi" sun isa, haka ma mutane ke cewa.

Wace za ka ɗauka, a ina

Ga ƙa'idar da nake bi in ina rubutu ko gyaran fassara. In maganar hanya ce gaba ɗayanta, daga gari zuwa gari, da kwangilarta da tsawonta, "layin dogo" nake sawa: ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya, aikin da aka aza harsashinsa a 2021. In maganar ƙarfen ce, "dogo" ko "ƙarfen dogo": an kama mutane da ƙarafan dogo a cikin mota. In maganar wurin ce, inda mutum zai tsaya ko ya taka ko a ajiye wani abu, "diga" ta fi zama daram: an dasa abin fashewa a kan digar jirgi, kamar yadda ya faru a hanyar Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. In kuwa masu karatu sun haɗa da mutanen wuraren da jirgi bai taɓa zuwa ba, sai in fara da "hanyar jirgin ƙasa" sau ɗaya, daga baya in ci gaba da gajeruwar.

Aikatau ma yana da nasa zaɓi. Layin dogo shimfiɗa shi ake yi, kamar tabarma, domin kwantar da shi ake a ƙasa. Gada da tasha su ake ginawa. Jirgi yana "hawa" layi, yana "bin" layi, in hatsari ya faru sai a ce ya "kauce daga kan dogo" ko ya "goce". Kada a rubuta ya faɗi sai in da gaske taragu sun kife, domin sau da yawa ƙafa ce kawai ke sauka, jirgin yana tsaye. Kan jirgi shi ne mai injin, taragu su ne abin da yake ja. Mutum kuma "tsallaka" dogo yake yi ko ya "ƙetare".

Sai a kula da ƙugiya. Diga da "d" ce mara lanƙwasa. In ka sa "ɗ" ta zama ɗiga, ta ruwan da ke zuba kaɗan-kaɗan. Masu rubutu a waya da ba su sa ƙugiya sun sa kalmomin biyu sun zama iri ɗaya a ido, sai jimla ce ke raba su, wasu kuma garin gyara sai su sa ƙugiya inda babu ita, su rubuta "ɗigar jirgi". Wannan kuskure ne.

Wannan rabe-rabe da na yi na mai rubutu ne, don magana ta fita sarai. A baki mutane ba sa bin sa sau da ƙafa. Wani gari diga ta fi yawo, wani gari dogo, tsofaffi sun fi riƙe ta farko, matasa da kafafen labarai sun fi sabawa da layin dogo, kuma mutum ɗaya yana iya faɗin duka biyun a zama guda. In kana magana da mutanen garinku, abin da kunnensu ya saba da shi shi ne ma'auni, ba ƙa'idata ba.

Game da aiken kakanka, "bi ta kan diga" a bakin mutane yawanci ƴar hanyar ƙafa ce da ke bin gefen tudun, ba tsakiyar dogo ba. Ka ɗauke ta a haka. Tarago ya fi hanyarsa faɗi nesa ba kusa ba: a tsohon layi jikinsa yakan zarce dogo da abin da ya kusa mita ɗaya ta kowane gefe, saboda haka wanda ya tsaya a ƙarshen silifa ko ya baza kaya a kan tsakuwa yana cikin hanyar jirgi ko da bai taɓa ƙarfe ba. Jirgi mai kaya kuma in ya ɗauki gudu yana iya cin kilomita ɗaya ko fiye bayan an taka birki kafin ya tsaya. Ka sauka daga kan tsakuwar gaba ɗaya ka bi ƙasan tudu, in za ka tsallaka kuma ka taka tsakanin silifa, kada ka ɗora ƙafa a kan dogon, musamman da safe lokacin raɓa ko wurin da ake canja layi, inda ƙarfen ke iya motsawa ya matse ƙafa.